Yadda za ka kare barcinka daga hayaniyar dare

Mutum na iya kwana awa 8 cur a kan gado, amma ya tashi da safe jiki a mace, kai na sara masa, ya rasa dalili. Sau da yawa dalilin ta kunne yake shigowa. Ido yana rufuwa idan barci ya zo, kunne kuwa a buɗe yake kwana, kuma ƙwaƙwalwa ba ta daina tantance abin da ya kawo mata. Tun a 1960 wasu masu bincike a Birtaniya suka nuna cewa mai barci ya fi motsawa idan an kira sunansa fiye da idan an kira sunan wani. Wato ko ana tsakiyar barci, ƙwaƙwalwa tana sauraro, tana zaɓen abin da ya shafe ta.

Ɓarnar hayaniya ba ta tsaya ga farkawar da kake tunawa da ita ba. Babur ya wuce da gudu, ko an buga ƙofa a maƙwabta, sai barcinka mai nauyi ya koma mai sauƙi na 'yan daƙiƙoƙi, bugun zuciya ya ƙaru, ka juya, ka ci gaba. Da safe ba za ka tuna komai ba, amma jiki ya ji. Shi ya sa ba na sakin jiki da maganar nan ta "ai ni na saba". Gaskiya ne mutum yana sabawa har ya daina jin haushin ƙarar, sai dai bincike ya nuna zuciya da jijiyoyin jini ba sa sabawa gaba ɗaya, kuma an danganta daɗewa cikin hayaniyar dare da hawan jini da ciwon zuciya.

Akwai abu guda da ya kamata ka riƙe kafin ka sayi komai ko ka buga ƙusa ko ɗaya. Abin da ya fi farkar da mutum shi ne tazarar da ke tsakanin shirun ɗakinsa da ƙarar da ta faso masa kwatsam. Idan aka haska maka tocila a ido cikin duhu za ka zabura, amma tocilar nan da tsakar rana ko lura da ita ba za ka yi ba. Haka kunne yake. Saboda haka aikin gaba ɗaya ta fuska biyu ne: ka rage ƙarfin ƙarar da ke isowa, sannan ka ɗan ɗaga sautin da ke zaune daram a ɗakin, har tazarar ta ƙanƙance. Yawancin matakan da ke ƙasa ɗayan biyun nan suke yi.

Mataki na 1: Ka san abin da kake yaƙi da shi

Yawancin mutane suna tsallake wannan, su je su kashe kuɗi a kan maganin da bai dace da cutar ba. Ka ware 'yan darare, ka kwanta a lokacin da ka saba, ka kashe komai, ka kasa kunne. Ka ajiye takarda da biro a gefen gado. Abin da kake nema amsar tambayoyi huɗu ne. Daga ina ƙarar take tasowa? Ta ina take shigowa, taga ce, ƙofa ce, bango ne ko rufi? Ƙarfe nawa take zuwa? Kuma wace iri ce?

Tambayar ƙarshe ta fi sauran nauyi. Akwai ƙara mai tsini, irin su haushin kare, kukan yaro, ƙarar hon da muryoyin mutane. Akwai kuma mai kauri, irin rugugin babbar mota, gurnanin inji da dukan kiɗa mai ratsa ƙirji. Mai tsini tana da sauƙin tarewa. Mai kauri ita ce mai taurin kai, tana ratsa bango da gilashi, har ma da abin toshe kunne. Sannan akwai ƙarar da iska ke ɗaukowa, akwai wadda ke bin jikin gini, kamar takun wanda ke saman bene ko jijjigar injin da ya jingina da bango. Gwajin mai sauƙi ne: ɗora tafin hannunka a bango ko a ƙarfen gado lokacin da ƙarar ke tashi. Idan ka ji jijjiga a hannu, ta jikin gini take zuwa, kuma toshe taga ba zai yi maka maganinta ba.

Idan kana da wayar zamani, sauko da manhajar auna ƙara ka ajiye wayar a kan matashinka. Ba ta kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma ta isa ta nuna maka bambanci kafin gyara da bayansa. Ana auna ƙara da desibel. Raɗa tana kusan 30, hira ta yau da kullum kusan 60. Lissafinsa ba irin na kilo ko mita ba ne: ƙarin desibel 10 yana sa kunne ya ji kamar ƙarar ta ninka, haka ma ragin 10 yana sa ta zama kamar rabi. Wannan albishir ne, domin yana nufin ƙaramin ragi a lamba babban sauƙi ne a kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 1999, ta ce don a samu barci mai kyau kada ƙarar da ke ci gaba a ɗakin kwana ta wuce desibel 30, kuma kada wadda ke zuwa lokaci guda ta wuce 45. A 2018 kuma, a ƙa'idojinta na yankin Turai, ta ba da shawarar matsakaicin ƙarar motoci da dare a wajen gida ya kasance ƙasa da 45, na jiragen sama ƙasa da 40. Mutane da dama ba za su taɓa kaiwa ga waɗannan lambobi ba a inda suke zaune. Kada hakan ya karya maka gwiwa, ma'auni ne da za ka riƙa matsawa kusa da shi.

Mataki na 2: Kashe abin da ke hannunka

Kafin ka ɗora wa maƙwabta laifi, ka fara da ɗakinka. Agogon bango mai ƙas-ƙas, famfon da ke ɗiga, ƙofar da ke ƙugi, gadon da ke kuka duk sanda ka juya, wayar da ke ƙara da kowane saƙo. Ɗan mai a hinjin ƙofa, ɗaure kusoshin gado, canza robar famfo, sanya waya a shiru tare da barin lambobin gaggawa kawai su shigo: aikin yini guda ne. Firij idan yana ɗakin ko yana manne da bangon da kake kwana, janye shi kaɗan daga bango ka sa masa roba mai kauri a ƙarƙashin ƙafafu, domin tashi da tsayawar injinsa na daga cikin abubuwan da ke katse barci ba a sani ba.

Idan janareta ne, nisa shi ne magani na farko. A fili, duk sanda ka ninka tazarar da ke tsakaninka da tushen ƙara, tana raguwa da kusan desibel 6. Ka ɗora shi a kan roba, ka juya salansarsa nesa da ɗakin kwana. Nisan nan kuma batu ne na rai da mutuwa, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci. Hukumomin lafiya a Amurka suna cewa a ajiye shi a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Kada son rage ƙara ya sa ka kulle shi a ɗaki ko a lungun da iska ba ta ratsawa.

Maganar maƙwabci kuwa, da rana ake yin ta, rai a kwance. Wanda ya buga ƙofar mutum ƙarfe 2 na dare cikin fushi da wuya ya dawo da abin da ya je nema. Sau da yawa mutumin bai ma san ƙarar tana isowa gare ka ba. Ka faɗa masa takamaiman abu: ƙarfe kaza nake kwanciya, kuma lasifikar nan da ke jingine da bangonmu ita ce ke shigo mini. Roƙon a janye lasifika daga bango ya fi sauƙin karɓuwa a kan roƙon a daina kiɗa ɗungurungum.

Mataki na 3: Matsar da gado

Ba ya cin ko sisi, kuma mutane suna raina shi. Idan kan gadonka yana manne da bangon da kuka haɗa da maƙwabci, ko yana ƙarƙashin tagar da ke kallon titi, mayar da shi ɗaya ɓangaren. Ko babu wurin juyawa, bar ɗan tsakani kada katakon gado ya taɓa bango, ka sa roba ko guntun kafet a ƙarƙashin ƙafafunsa don katse jijjiga. Bangon da ka bari kuma ka jingina masa kabad cike da tufafi ko kantar littattafai. Idan gidan yana da ɗaki fiye da ɗaya, ka duba da gaske ko ɗakin da ke baya, ko da ya fi ƙanƙanta, bai fi cancanta ya zama na kwana ba.

Mataki na 4: Toshe kafofi

Nan ne ake yawan asarar kuɗi, don haka bari in tsaya a kai. Abu biyu ne ke tare ƙara: nauyi da rashin kafa. Duk inda iska ta samu hanya, ƙara ta samu. Lissafin masu ilimin sauti ya nuna cewa idan kashi 1 cikin 100 na bango a buɗe yake, komai kaurin ragowar, abin da zai iya ragewa ba zai wuce kusan desibel 20 ba. Wato 'yar tazarar da ke ƙarƙashin ƙofarka tana iya ɓata aikin bango sukutum.

Ga yadda za ka gano kafofin. Da dare, ka kunna fitilar waje ko ka sa wani ya tsaya a bayan ƙofa da tocila, kai kuma ka kashe fitilar ɗaki ka tsaya ciki. Za ka ga siririn haske yana kewaye ƙofar, ya fi faɗi a ƙasa, wani lokaci yana tsiyayowa ta ramin makulli da gefen da katako ya ɗan karkace. Bi shi da yatsa, ka sa alama da alli. Sannan ka jiƙa bayan hannunka ka zagaya da shi gefen taga a hankali, duk inda ka ji sanyin iska, kafa ce. Kada ka manta da ramin da aka huda don wayar wuta ko bututun na'urar sanyaya ɗaki, da tsagar da ke tsakanin firam ɗin taga da bango.

Ƙasan ƙofa za ka iya fara toshe shi yau da tawul ko tsohon bargo da ka naɗe tam. Gyara mai ɗorewa shi ne a ɗaura wa ƙofar robar da ke share ƙasa idan an rufe. Gefuna da sama kuma akwai siririyar roba mai gam a baya, ana manna ta a jikin firam yadda ƙofa za ta danne ta. Ka goge wurin ya bushe kafin ka manna, ka zaɓi kaurin da zai sa ƙofar ta rufu da ɗan turawa, ba wanda zai hana ta kullewa ba. Tsagogin bango a cike su da silikon ko siminti. Ƙwanƙwasa ƙofar ka ji: idan ta yi amo kamar fanko, cikinta holoƙo ne, kuma irin wannan ba ta tare abin kirki. Kafinta zai iya ƙara mata falle na katako mai nauyi, ko a canza ta da ta katako zalla. A ƙa'ida, ninka nauyin shamaki yana ƙara ragin kusan desibel 5 zuwa 6.

Taga ita ce mafi rauni a yawancin ɗakuna. Mafi ingancin gyara shi ne a ƙara gilashi na biyu daga ciki, a bar fili tsakaninsa da na farko. Gwargwadon faɗin filin, gwargwadon aikinsa, kuma santimita 10 ko fiye ya fi tasiri a kan rugugin motoci. Wanda ba zai iya wannan ba, ko ɗan haya ne, zai iya sa a yanka masa katako daidai bakin tagar, a manna masa soso a gefuna don ya shige tam, a sa masa mariƙi, ya riƙa toshewa da dare yana cirewa da safe.

Labule mai kauri yana taimakawa, amma kaɗan. Idan za ka sa, ya zama mai nauyi, ya wuce tagar ta kowane gefe, ya sauka har ƙasa. Kafet da labule da katifa aikinsu shan amsa-kuwwa ne a cikin ɗaki, suna sa ƙarar da ta riga ta shigo ta yi laushi maimakon ta yi ta karo da bango. Wannan daban, hana ta shigowa daban. Saboda haka ina roƙonka kada ka ɓata lokacinka wajen manna kiret ɗin ƙwai ko siririn soso a bango. Ba su da nauyin da zai tare komai, kuma suna saurin kama wuta.

Gargaɗi ɗaya a nan: ɗakin kwana yana buƙatar iska. Idan ka toshe ko'ina ɗakin ya koma zafi da cunkoso, ka canza matsala ne kawai, domin zafi ma yana hana barci. Toshe ɓangaren da ke fuskantar hayaniya, ka bar iska ta shigo ta ɓangaren da ya fi shiru. Kuma kada a kwana da wani abu mai ci da wuta a ɗakin da aka toshe.

Mataki na 5: Rufe ƙara da sauti

Bayan ka rage abin da za ka iya, sai ka koma ɗaya fuskar, wato ɗaga sautin da ke zaune a ɗakin. Mutane da yawa suna yin haka ba tare da sun sani ba: su ne masu cewa ba sa iya barci sai da fanka ko da ana sanyi. Shuuu ɗin fanka ba ya canzawa, ba ya ɗauke da wani saƙo, don haka ƙwaƙwalwa tana watsar da shi, kuma haushin karen da zai fasa shiru sai ya nutse a cikinsa.

Fanka ita ce abu na farko da za ka gwada. Idan ba ka son iskarta, juya ta ga bango. Sai dai ta kasance mai tafiya sumul, domin wadda ke ƙwas-ƙwas ko tana juya kai tana ƙara da raguwa ita ma hayaniya ce. Bayan fanka akwai ƙananan na'urori da manhajojin waya masu fitar da irin wannan sauti. Za ka tarar an raba su da sunayen launi. Farin sauti yana da ƙarfi iri ɗaya tun daga sauti mai kauri har zuwa mai tsini, yana fita da kaifi kamar rediyon da bai kama tasha ba, ya fi dacewa da rufe ƙara mai tsini. Mai ruwan hoda an rage masa kaifi, ya fi kusa da saukar ruwan sama. Mai ruwan ƙasa ya fi su kauri, shi ya fi iya haɗiye rugugin mota da gurnanin inji, amma sai da lasifika mai ɗan girma, domin ta waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri sosai. Ka zaɓi wanda ya yi kama da ƙarar da ke damunka, kuma wanda kunnenka ya aminta da shi.

Wurin ajiyewa yana da muhimmanci. Sa na'urar tsakaninka da inda ƙarar ke shigowa, kusa da taga ko ƙofa, ba a kan matashi ba. Fara da ƙasa-ƙasa, ka riƙa ƙarawa har ƙarar waje ta daina fizgar hankalinka, sai ka tsaya a nan. Ba a so ta ɓace gaba ɗaya, ana so ne kaifinta ya dushe. Idan wanda ke gefenka sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, ka wuce gona da iri.

Ka bar shi ya kwana yana yi. Barci yana tafiya ne zagaye-zagaye, kowanne kusan minti 90, kuma mafi nauyinsa yana farkon dare. Daga tsakiyar dare zuwa asuba barcin yana sauƙi, a daidai lokacin da gari ke fara motsi. Idan ka saita sautin ya mutu bayan awa 1, ka cire kariyar a lokacin da aka fi buƙatarta, kuma ɗaukewar tasa kanta tana iya tashinka. Haka nan ka saurari sautin da ka zaɓa da rana ka tabbatar ba shi da gaɓar da yake yankewa ya sake farawa, kuma babu tallan da zai faɗo a tsakiya. Rediyo da talabijin ba su dace da wannan aiki ba, domin magana ce, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta iya ƙyale magana.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da hujja. A 2021 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun tattara nazarce-nazarce 38 a kan kwana da irin wannan sauti, suka ce ingancin hujjar cewa yana gyara barci ƙasa yake ƙwarai. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, wanda ɗakinsa shiru ne ba shi da buƙatarsa. Amfaninsa yana wurin wanda ƙarar waje ke tsinka wa barci, shi ma a mafi ƙarancin ƙarfin da zai yi aiki.

Game da jarirai a ƙara hattara. Wani bincike da aka yi a Toronto ta Kanada a 2014 ya gwada na'urori 14 da ake sayarwa don barcin jarirai. Da aka ƙure su, aka auna daga nisan santimita 30, dukkansu sun wuce desibel 50 da aka ƙayyade wa ɗakunan jarirai a asibiti, 3 daga ciki ma sun wuce 85, matakin da ke iya lahanta jin babba idan ya daɗe a ciki. Idan za a yi wa jariri amfani da ita, a nisanta ta da gadonsa kamar mita 2, a rage ta sosai.

Mataki na 6: Matoshin kunne

Yana da arha, kuma shi ya fi rage ƙara idan an sa shi daidai. Matsalar ita ce yawancin masu cewa "na gwada bai yi ba" ba su taɓa sa shi daidai ba.

Iri uku ne suka fi yawa. Akwai na soso mai laushi, shi ya fi ragewa. Akwai na kakin zuma ko silikon mai laushi da ake mulmulawa a rufe bakin kunne da shi. Akwai kuma na roba mai tsari da ake wankewa a sake amfani da shi, har da wanda likitan ji ke auna kunnenka a ƙera maka. A jikin kwali za ka ga lamba mai nuna yawan desibel da yake ragewa, tare da haruffan NRR idan ma'aunin Amurka ne, ko SNR idan na Turai ne. Na soso mafi ƙarfi yana kaiwa NRR 33. Wannan sakamakon ɗakin gwaji ne, a hannun mutane sau da yawa kusan rabinsa ake samu, saboda kuskuren sanyawa. Auduga kuwa ba ta rage abin a zo a gani, kuma tana barin zare a kunne.

Ga yadda ake sa na soso. Wanke hannu ka bushe shi. Riƙe soson tsakanin babban yatsa da manuni, ka murza shi a hankali, kana ƙara matsawa, har ya koma siriri sumul ba tare da ya lanƙwashe ko ya yi ƙunci ba. Idan kunnen dama za ka sa wa, ɗaga hannun hagu ta saman kai, ka kama saman kunnen ka ja shi sama da baya. Hanyar kunne a karkace take, jan nan ne ke miƙar da ita. Kana riƙe da kunnen, zura soson da sauri kafin ya kumbura, sannan ka danne bakinsa da ɗan yatsa na daƙiƙa 20 zuwa 30. Za ka ji yana buɗewa a ciki, ƙarar ɗaki tana ja da baya sannu a hankali har ta yi nisa. Duba madubi ta gaba: idan kana hango rabinsa a waje, bai shiga ba, cire ka sake. Wani gwajin kuma, rufe kunnuwanka da tafukan hannu ka buɗe. Idan ka ji babban bambanci, bai zauna ba. Wurin cirewa, murɗa shi a hankali ka jawo, kada ka fizge.

Na kaki da na silikon mai laushi ba a tura su ciki. Ɗumama shi a hannu, ka mulmula, ka ɗora a bakin kunne ka baje shi ya rufe. Kada ka gutsura shi ƙanana, guntun zai iya maƙalewa a ciki. Mai kwanciya a gefe yakan fi jin daɗin wannan, domin matashi ba ya tura shi. Wanda soso ke sa wa ciwo da safe, wataƙila ya yi masa girma ne, akwai ƙanana.

A dararen farko za ka ji numfashinka da bugun zuciyarka sun yi ƙarfi. Haka yake ga kowa idan an toshe kunne, kuma yawanci ana sabawa cikin 'yan kwanaki. Kada ka sa ran shiru tsit: wani ɓangare na sauti ta ƙashin kai yake shiga, kuma ƙara mai kauri ta fi tsallake toshiya. A nan ne haɗa matoshi da sautin fanka ke yin abin da ɗaya shi kaɗai ba zai yi ba.

Tsabta wajibi ce. Na soso a jefar da shi da zarar ya yi datti ko ya daina kumbura da kyau, na roba a wanke shi ya bushe sarai. Kada a sa shi a jiƙaƙƙen kunne. Yawan amfani da shi yana iya tura dattin kunne ciki ya taru, don haka idan ka ji kunne ya toshe, yana ƙaiƙayi, yana ciwo ko yana ruwa, ka dakata ka ga likita. Wanda dodon kunnensa ya fashe ko aka taɓa yi masa aiki a kunne ya fara tambayar likita tukuna. Mai jin amo a cikin kunnensa kuma toshewa takan ƙara fito da amon, sautin fanka ya fi masa.

Ka yi tunanin abin da dole ka ji da dare. Idan kai kaɗai ne mai kula da jariri, tsoho ko mara lafiya, kada ka toshe kunnuwa biyu. Toshe na sama kawai, na ƙasa matashi ya rufe shi, ko ku yi karɓa-karɓa da wani. Idan akwai ƙararrawar gobara a gidan, sa matoshin da rana a danna ta ka tabbatar kana ji. Don tashin safe, agogon hannu mai jijjiga ya fi aminci.

Su kuma abin sauraro na kunne masu kashe ƙara da lantarki, sun ƙware a kan gurnani mai ci gaba irin na inji ko jirgi, amma ba su cika tare murya da ƙarar kwatsam ba, kuma kwanciya a kansu tana sa ciwo.

Mataki na 7: Idan ƙarar a gadonka take

Minshari ba ya jin toshe taga. Matoshi da fanka za su rage maka, amma gyaran gaske yana wurin mai yin sa. Kwanciya a gefe maimakon rigingine tana rage shi ga mutane da yawa, haka buɗe hancin da ya toshe, rage ƙiba, da nisantar barasa da ƙwayoyin sa barci, waɗanda ke saki naman maƙogwaro. Idan zai yiwu ka riga shi kwanciya, domin wanda ya riga ya yi nisa ya fi jure ƙara. Kuma kai da kake ji, ka saurara da kyau. Idan minsharin yana yankewa, numfashi ya ɗauke na daƙiƙa 10 ko fiye, sannan ya dawo da shaƙewa ko zabura, ga kuma gyangyaɗi da rana, wannan alamar cutar ɗaukewar numfashi cikin barci ce. Tana da alaƙa da hawan jini, kuma tana da magani. Kada ka toshe kunnenka ka ƙyale shi, ka lallashe shi ya je asibiti.

Mataki na 8: Ka sa barcin kansa ya yi nauyi

Mutane ba ɗaya suke ba wajen jure ƙara, wani ko ganga ake kaɗawa ba ya motsi, wani motsin labule ya ishe shi, kuma wani ɓangare na wannan halitta ce. Amma akwai abin da ke hannunka. Sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da shayi yana ɗaukar kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, kuma yana rage nauyin barci, don haka ka yanke shi tun da rana. Ka tsayar da lokacin tashi guda, ka rage dogon barcin rana, ɗakin ya kasance da duhu da sanyi.

Sai fushi. Ƙarar da kake jin haushinta ta fi wadda ba ruwanka da ita tashinka, ko da ƙarfinsu ɗaya. Idan ka kwanta kana jiran maƙwabci ya fara, ka riga ka sa kunnenka gadi. Idan ƙara ta tashe ka, kada ka duba agogo ka fara lissafin awannin da suka rage. Gyara matoshinka, mayar da hankali kan sautin fanka, ka sassauta numfashi. In ka ga an ɗauki kamar minti 20 barci ya ƙi, tashi ka zauna a wuri mai ƙarancin haske har ido ya yi nauyi, sannan ka koma.

Wajen gwada matakan nan, riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, ka ba shi kamar mako guda, kana rubuta sau nawa ka farka da yadda ka tashi, don ka gane wanne ne ya yi aiki. Idan kuma ka rage hayaniyar amma har yanzu barci yana gagarar ka dare 3 ko fiye a mako, har tsawon wata 3, to matsalar ta wuce ta ƙara. Likitoci suna ɗaukar wannan a matsayin rashin barci mai ɗorewa, kuma abin da suke fara ba da shawara a kai shi ne horon gyara tunani da ɗabi'un kwanciya a hannun ƙwararre, kafin a kai ga ƙwaya.